Ɗan Kamashon Harsunan Kwamfuta: Bitar Laburaren libffi

A watan Oktoban 1996 wani injiniya mai suna Anthony Green, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Cygnus Solutions, ya fitar da wata 'yar ƙaramar manhaja ya raɗa mata suna libffi. Tarihin da ke tafe da ita ya nuna cewa fitowarta ta farko ko shela ba a yi mata ba. Yau ga shi ta doshi shekara talatin, kuma da wuya ka kunna kwamfuta mai Linux, ko wadda aka ɗora wa Python, ka tarar babu ita a ciki. Ɗalibin da ya zauna a ɗakin kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko a makarantar nan ta garin da kowa ke kira Informatics, wadda aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ya rubuta import ctypes, to ya riga ya yi hulɗa da ita ko da bai taɓa jin sunanta ba. Yawanci ma ba a sanin da zamanta sai ranar da ta ɓata. Wanda ya taɓa sabunta Ubuntu ya ga tsohuwar manhajarsa ta ƙi tashi tana kukan ba ta ga libffi.so.6 ba, ko wanda ya harhaɗa Python da hannunsa aka ce masa babu _ctypes, ya san zancen.

Ni a ganina aiki ne da ya cancanci a zauna a duba shi kamar yadda ake duba littafi, domin marubucinsa ya zaɓi matsala ɗaya tak, mai wuyar gaske, ya tsaya a kanta, ya ƙi leƙa ta maƙwabta. Darajarsa daga nan ta fito, kuma mafi yawan abin da za a soke shi da shi daga nan ya fito.

Laburare a bakin masu rubuta manhaja shi ne tarin ƙananan ayyuka da wani ya riga ya rubuta, kowanne da sunansa, don na baya ya kira su maimakon ya sake rubutawa. Kowane aiki guda ana ce masa fankishin. Mafi yawan laburaren da duniya ta dogara da su, na matse fayil, na ɓoye sirri, na magana da firinta ko kyamara, da harshen C aka rubuta su, wanda Dennis Ritchie ya samar a Bell Labs a farkon shekarun 1970, ko kuma aƙalla ta ƙofar C ake shiga gare su. Matasanmu kuwa harsuna masu sauƙi suka fi koya: Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ko Java, ko Ruby. Dole ke nan waɗannan su riƙa kiran waɗancan.

Idan C ya kira C babu damuwa. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa umarnin inji, tana ganin komai tun kafin a fara: fankishin ɗin nan abu nawa yake karɓa, wane iri ne kowanne, me zai dawo da shi. Sai ta tsara kiran ta gama. Python kuwa sai yana cikin gudu ne ake gaya masa cewa ga wani fankishin a wani fayil, yana karɓar lamba biyu da adireshi ɗaya, a kira shi yanzu. Babu kwamfaila a kusa. Wa zai tsara kiran?

Wanda ya taɓa shiga motar Roni ko ta Gwiwa daga tashar Kazaure ran kasuwa ya san lodi ba a yin sa da ka. Kowace mota da tsarinta: mutum nawa a gaba, nawa a baya, buhu ya shiga but, jarka ta hau sama. Direba ba ya juyowa ya ƙirga; ya san inda komai yake saboda ɗan kamasho ya san ƙa'idar motarsa. Haka furosesa take. Tana da 'yan kujeru ƙalilan da ake kira rajista, abin da bai samu kujera ba kuma a jibge shi a wani yanki na ma'ajiya da ake kira sitak. Fankishin ɗin da aka kira ba ya tambaya, hannu kawai yake miƙawa inda ƙa'ida ta ce abin yake. To libffi shi ne ɗan kamashon da ya haddace tsarin lodin kowace mota a tashar.

Kuma tsarin ya sha bamban fiye da yadda mai kallo daga nesa zai zata. Ɗauki kwamfutar cinya ta hannu irin wadda ake sayowa a Beirut Road a Kano, mai furosesar Intel ko AMD ta bit 64. In Linux ke kanta, lambobi shida na farko suna shiga rajistoci masu suna rdi, rsi, rdx, rcx, r8 da r9, lambobi masu ɗigo kuma su tafi xmm0 zuwa xmm7. Goge Linux ɗin ka sa Windows a kan wannan injin dai, ko sukurun ɗaya ba ka kwance ba, sai ƙa'ida ta juye: kujeru huɗu ne kacal, rcx, rdx, r8 da r9, kuma tilas mai kira ya ware fili na bayit 32 a sitak ko da ba za a yi amfani da shi ba. Koma kan furosesar ARM ta bit 64, wadda ke cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu, sai ka tarar kujeru takwas ne, x0 zuwa x7. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne idan abin da za a miƙa ƙunshi ne na abubuwa da dama, wanda C ke kira struct. A Linux, ƙunshin da bai wuce bayit 16 ba ana iya tsaga shi biyu, rabi ya shiga rajistar lambobi, rabi ya shiga ta masu ɗigo, gwargwadon abin da ke cikin kowane rabi. A Windows sai in girmansa bayit 1, 2, 4 ko 8 ne daidai zai samu kujera, in ba haka ba adireshinsa za a aika. A ARM kuwa ƙunshin da ke ɗauke da lambobi masu ɗigo iri ɗaya, har zuwa huɗu, yana da tasa hanyar ta daban. Ƙara da PowerPC, MIPS, SPARC, s390 ta manyan injinan IBM, RISC-V da LoongArch ta ƙasar Sin, kowacce da nata sharuɗɗan, sai ka gane girman abin da aka tattara wuri guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar ƙofar da aka bar wa mai amfani bayan duk wannan. Kira biyu ne ginshiƙin aikin. Na farko ffi_prep_cif: ka faɗi adadin abubuwan da fankishin ke karɓa, da irin kowanne, da irin abin da zai dawo da shi, laburaren ya lissafa tsarin lodin ya adana. Na biyu ffi_call: ka ba shi wancan tsarin, da adireshin fankishin, da jerin adireshin kayan, da wurin da za a ajiye amsa. Shi ke nan. Tsarin da aka shirya sau ɗaya ana iya maimaita kira da shi sau dubu, kaya kawai ake sauyawa. Misalin farko a littafin jagorarsa, wanda ke kiran fankishin puts don buga jimla a allo, bai cika shafi ɗaya ba, kuma wannan rubutun zai yi aiki a kan kwamfutar ofis da Raspberry Pi da babbar sabar banki ba tare da an taɓa harafi ɗaya ba. Duk ƙazamin aikin, wanda sai an sauka har harshen asambuli ake yin sa, an kulle shi a manyan fayiloli daban-daban, kowace furosesa da nata. Rarrabe abin da ke canzawa daga abin da ba ya canzawa shi ne darasin farko da ake koya wa mai tsara manhaja, kuma ban san misalin da ya fi wannan tsabta ba.

A ce wani matashi ya samu aikin rubuta manhajar ɗaukar halartar ma'aikata a wani ƙaramin asibiti a Roni. An sayo na'urar ɗaukar hoton yatsa, kamfanin da ya ƙera ta kuma bai bayar da komai ba sai fayil ɗin DLL guda da takardar da ke jera sunayen fankishin ɗinsa a C. Yaron Python kaɗai ya iya. Da babu irin wannan laburare, sai ya koyi C, ya girka kwamfaila mai cin data da fili, ya rubuta manhajar tsakani ga kowane fankishin. Da ctypes, wanda Thomas Heller ya rubuta a bisa libffi kuma aka shigar da shi cikin Python tun fitowa ta 2.5 a 2006, layuka kaɗan sun isa ya loda fayil ɗin, ya bayyana irin kayan, ya yi kira. Ga wanda ke aiki inda wuta sai an ga dama, intanet kuma sai an sayi data da kuɗin aljihu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai kuma kashi na biyu na aikin, wanda Kresten Krab Thorup ya tsara, kuma a nan ne fasahar ta fi zurfi. Wani lokaci C ne ke son ya kira ka. Fankishin qsort, mai jera abubuwa, yana bukatar ka ba shi wani fankishin da zai riƙa tambaya: tsakanin waɗannan biyun wanne ne gaba? In amsar a Python aka rubuta ta, C bai san yadda zai isa gare ta ba. Sai libffi ya ƙirƙiro wani ɗan guntun umarnin inji nan take, mai adireshi irin na kowane fankishin C. Da zarar an kira shi sai ya kwashe kayan daga rajistoci, ya jera su, ya miƙa wa Python, ya karɓo amsa ya mayar inda ake jira. Wannan dabara ta jawo masa ciwon kai na shekaru, domin masana tsaro ba sa son ganin yankin ma'ajiya da za a iya rubutu a cikinsa kuma a gudanar da abin da aka rubuta. Ta irin wannan kafa ce masu kutse ke shiga. Tsare-tsare irin su SELinux suka hana, laburaren ya riƙa zagaye ta hanyar buɗe fayil na wucin gadi ta fuska biyu, ɗaya ta rubutu ɗaya ta gudanarwa. Sai a jerin 3.4, da ya fito a 2021, aka kawo gyara mai kyau a Linux, inda guntayen umarnin suke zaune a shirye tun asali, bayanan da suke karantawa kaɗai ke sauyawa.

Tarihinsa ma abin dubawa ne. Green bai ɓoye cewa tunanin ya samo asali daga gencall ba, wani laburare na Gianni Mariani da ke aiki a injinan Silicon Graphics kaɗai. A 1998 aka ƙara masa ARM, tun ba a yi mafarkin wayar Android ba. Daga nan sai ya shige cikin aikin GCC, wato tarin kwamfailolin GNU, inda masu gina kwamfailar Java ta GNU suka ci gaba da renonsa, bai sake fitowa da kansa ba sai Fabrairun 2008 da lamba 3.0, lokacin da Cygnus ya daɗe da narkewa cikin Red Hat. ARM ta bit 64 ta shigo a 2013, RISC-V a 2019. Jerin masu dogaro da shi ya haɗa da Python, da Ruby, da JNA na masu Java, da GHC na harshen Haskell, da Guile, da Racket, da GLib wanda teburin GNOME ke tsaye a kansa. Lasisinsa na MIT ya taimaka ƙwarai: kowa na iya ɗauka, har ya sa a abin sayarwa, muddin ya bar sanarwar haƙƙin mallaka a jiki. Takwaransa libffcall na Bruno Haible aiki ne mai kyau shi ma, amma lasisinsa GPL ne, wanda kamfanoni da yawa ke ɗari-ɗari da shi. Sai wani abu na ban dariya: cikin jerin furosesoshin da laburaren ke tallafawa har da Moxie, wadda Green ɗin da kansa ya ƙirƙira. Mai abu da abinsa.

Yanzu ga inda nake da magana.

Babban aibinsa shi ne duk abin da ka gaya masa ya yarda. Ba ya karanta fayilolin da ke bayyana fankishin ɗin C, ba shi da hanyar tantance ko bayaninka gaskiya ne. Ka ce abu biyu ne alhali uku ne, zai loda biyu ya yi kira, fankishin ya ɗauki duk tarkacen da ya tarar a rajista ta uku ya yi aiki da shi. In ka yi sa'a manhajar ta faɗi nan take. In ba ka yi ba, ta ci gaba da gudu tana ba da amsar ƙarya, kuma wannan ya fi muni nesa ba kusa ba. Nau'in lamba da C ke kira long bayit 8 ne a Linux na bit 64, amma 4 ne a Windows. Yaronmu na Roni zai iya gwada aikinsa a gida lafiya lau, ya kai asibiti, inda tsarin injin ya bambanta, ya wargaje. Masu laburaren sun faɗa ƙarara cewa matakin ƙasa kaɗai suka ɗauka, na sama aikin wani ne, kuma na yarda da hujjar. Amma yarda da hujja ba ta hana mai koyo ƙonewa.

Haka batun rubutu. A wurin libffi babu wani abu wai shi kalma, adireshi kawai ya sani. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8, sannan faffaɗan harafi na C, wchar_t, bayit 2 ne a Windows, 4 a Linux. Idan sunan Ɗanladi ya fito a rasit da alamomin tambaya, laifin na matakin sama ne, amma mai rubuta manhaja don Hausawa ya sani tun wuri cewa ba wanda zai yi masa wannan aikin a ƙasa.

Akwai giɓin da su kansu suka amsa. Ba shi da tallafi kai tsaye ga union, wato ƙunshin C da abubuwansa ke zaune a wuri ɗaya, sai dai ka kwaikwaye shi da struct, kuma kwaikwayon ba ya daidai a ko'ina. Ba ya gane filayen da aka yanka da bit. Idan fankishin zai dawo da lamba ƙarama, tilas ka tanadi wuri mai girman cikakkiyar rajista, ƙa'idar da ke da sauƙin mantawa. C++ kuma sai in an buɗe masa ƙofa irin ta C. Fankishin masu karɓar kaya ba adadi, irin printf, ba su samu kira nasu na musamman ba sai 2012, da ffi_prep_cif_var, kuma mutane da yawa suka yi biris da shi saboda tsohuwar hanya tana aiki a injinansu. Da Apple ya fito da furosesar M1 a ƙarshen 2020, wadda ke tura irin waɗannan kayan sitak maimakon rajista, sai asiri ya tonu, manhajojin da suka shekara suna tafiya a kan sa'a suka fara ba da shirme.

Littafin jagorar, wanda Tom Tromey ya ba da gudummawa wajen rubuta shi, a tsabtace yake amma siriri ne. An rubuta shi don wanda ya riga ya san abin da ake nufi da ƙa'idar kira. Sabon shiga zai karanta shi cikin awa guda ya tashi da tambayoyi fiye da waɗanda ya zo da su.

Sai tafiyar hawainiya wajen fitarwa. Tsakanin 3.2.1 ta Nuwamban 2014 da 3.3 ta Nuwamban 2019 shekara biyar cur, abin da ya sa manyan masu amfani suka riƙa ajiye nasu kwafin da nasu facin. Da fitowar ta dawo kuma, lambar fayil ɗin ta tsallaka daga 6 zuwa 7 zuwa 8 cikin ɗan lokaci: Ubuntu 18.04 na da ta 6, 20.04 na da ta 7, 22.04 na da ta 8. Ba na ɗora wa Green laifi a kan jinkirin. Abin da ya nuna shi ne yadda duniyar manhaja ke jingina kaya masu nauyi a kan mutane ƙalilan masu aikin sa kai. Abin da ya faru da laburaren xz a Maris 2024, inda aka gano wani ya lallaɓa ya dasa ƙofar baya bayan ya samu amincewar mai kula da aikin da aiki ya yi wa yawa, ya isa ya sa a riƙa tambayar wa ke biyan masu kula da irin waɗannan tubala.

Ta fuskar sauri, kira ta libffi ya fi kira kai tsaye nauyi, tunda kowane karo sai an bi jerin kayan an rarraba su. In kira ɗaya ne mai dogon aiki ba za ka ji ba; in miliyan ne a cikin zagaye, za ka ji. Shi ya sa LuaJIT na Mike Pall ke ƙera umarnin kiran da kansa, haka ma sabuwar hanyar da Java ta kammala a fitowa ta 22 a Maris 2024. SWIG na David Beazley kuma tun can wata hanya ya bi, ta rubuta manhajar tsakani a harhaɗa ta da kwamfaila. Sai dai abin lura, ita Java ɗin ta ajiye libffi a matsayin madogara ga injinan da ba a kai ga rubuta musu nasu tsarin ba. Wanda ya fi shi gudu ma bai yarda ya rabu da shi ba.

Hukuncina shi ne aiki ne nagari, na sahun gaba a irinsa, kuma yawancin kurakuransa farashin tsayawa a kan abu ɗaya ne. Mai rubuta manhajar yau da kullum ba ya bukatar taɓa shi kai tsaye. Ctypes ko takwaransa cffi sun ishe shi, muddin ya riƙa bayyana irin kayan kowane fankishin dalla-dalla, ya kuma gwada a kan irin injin da za a yi aikin da shi. Mai son gina sabon harshen kwamfuta ko fassara wani zuwa sabon inji kuwa, da shi ya kamata ya fara.

Kirana ga malaman da ke koyar da tsarin ginin kwamfuta a Kazaure, da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura wadda aka kafa a 2021, shi ne su mayar da shi littafin aji. Rajista da sitak sun daɗe ana zana su a allo ɗalibai suna haddacewa don jarrabawa. A ba su fayil ɗin ffi64.c na x86 su bi fankishin classify_argument layi-layi, su kwatanta da ffi.c na aarch64, sannan su rubuta ƙaramin laburare a C su kira shi daga Python, a sa su ba da bayanin ƙarya da gangan su ga abin da zai biyo baya. Rubutun gaba ɗaya yana GitHub kyauta, kuma matsattsen fayil ɗinsa bai kai megabait biyu ba.